Shin addini da kishin ƙasa suna kare mu daga ciwon damuwa?

"Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zariya, nan Maraɗi. Ƙanena yana fataucin kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi, jarinsa ya karye lokacin da aka rufe boda. Tun daga nan ya bar zuwa fada wajen abokan hirarsa, ba ya barci, ya rame, sallah ma sai an matsa masa. Wani dattijo ya ce raunin imani ne. Wani abokina kuma ya ce ciwon damuwa na Turawa ne, mu da muke da addini da kishin ƙasa ba ya kama mu. Shin da gaske addini da son ƙasa suna kare al'umma daga ciwon hankali? Kuma mu yi yaya da shi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ƙanenka lafiya. Tambayarka biyu ce a haɗe, ta jama'a da ta gidanku, kuma amsar ta farko ita ke buɗe hanyar ta biyu. Addini da kishin ƙasa suna ba da kariya ta gaske, an auna ta an gani. Sai dai kariyar rage haɗari take yi, kamar yadda gidan sauro ke rage zazzaɓi ba tare da ya kori cutar daga gari ba. Mai imani yana kamuwa, mai kishin ƙasa yana kamuwa. Abin da ya fi ɓata mana aiki a asibiti shi ne a ɗauki wannan kariya a mayar da ita hujjar cewa ciwon babu shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, kimanin mutum miliyan 970. A wuraren da rikici ya shafa, ƙiyasin ya kai mutum ɗaya cikin biyar. A ƙiyasin wannan shekarar kuma, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan masu kashe kansu idan aka auna da yawan jama'a, kusan 11 cikin kowane mutum 100,000, alhali na duniya 9 ne. Nahiyar da ta fi riƙo da addini ke nan. Maganar abokinka ta faɗi tun daga nan.

Ta inda addini ke taimakawa

Tun 1897 masanin zamantakewa Emil Durkaim na Faransa ya lura cewa kashe kai ya fi yawa inda mutane suka rarrabu, ya fi ƙaranci inda jama'a ke ɗaure da juna. Bincike na baya-bayan nan ya bi sawunsa. A 2016 masu bincike na jami'ar Habad a Amurka sun fitar da sakamakon bibiyar mata ma'aikatan jinya kusan 90,000 na tsawon shekaru 14. Waɗanda ke halartar wurin ibada aƙalla sau ɗaya a mako, kashe kai a cikinsu ya yi ƙasa da na marasa zuwa har kusan ninki biyar. A 2011 kuma wani nazari da ya haɗa ƙasashe fiye da 150 ya nuna cewa amfanin addini ga natsuwar rai ya fi fitowa fili inda rayuwa ke da wuya, wato inda ake yunwa, talauci da rashin tsaro. Irin wannan bincike yana da iyaka: mai lafiya shi ke iya tashi ya tafi masallaci, saboda haka ba duka bambancin ne za a jingina wa ibadar ba. Duk da haka, ko an cire wannan, saura na nan.

Idan ka warware abin, za ka ga igiyoyi ne da yawa. Babbar cikinsu jama'a ce. Namijin da ke sallah a masallacin unguwa ana ganin fuskarsa sau biyar a yini, idan ya ɓace kwana biyu wani zai leƙo gidansa. Babu wani tsarin asibiti a duniya da ke sa ido a kan mutum haka. Sai tsarin lokaci: asuba tana tayar da mutum, isha tana rufe yini, kuma barci mai ƙa'ida yana cikin abubuwan da ke riƙe hankali. Sai ma'ana: wanda ya ɗauki asara a matsayin jarrabawa yana da inda zai ajiye ta, ba ya juya ta a kansa dare da rana yana cewa shi ne banza. Ga hana giya. Ga zakka da sadaka da ke tare wasu kafin su faɗi ƙasa warwas. Ga zaman makoki, wanda a idon mai aikin lafiya magani ne tsararre: ba a barin wanda aka yi wa rasuwa shi kaɗai a kwanakin da suka fi zafi, ana shigo masa da abinci, ana maimaita masa kalmomin da ke sanyaya zuciya.

Akwai giɓi a nan da ya kamata mu faɗa. Yawancin wannan kariya ta jam'i maza ke samun ta. Matar da ke cikin kulle, ko amaryar da aka kai garin da ba ta san kowa ba, tana iya yin wata guda babu wanda ya tambaye ta yadda zuciyarta take. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kusan mata tara cikin goma a jihar Maraɗi an aurar da su kafin shekara 18, kuma mace tana haihuwa fiye da takwas a matsakaici. A ƙasashe masu tasowa, kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga damuwa bayan haihuwa. Shi ya sa nake ɗaukar makarantun Islamiyya na matan aure, da ƙungiyoyin asusu irin Mata Masu Dubara da aka fara a nan jihar a 1991, da al'adar zuwa wankan jego gidan iyaye, a matsayin ayyukan lafiyar ƙwaƙwalwa ko da ba wanda ya kira su haka.

Ta inda ake cutuwa da sunansa

Masana sun bambanta hanya biyu da mutum ke jingina da addini lokacin wahala. Akwai mai cewa Allah yana tare da ni, zan yi haƙuri in nemi mafita. Akwai mai cewa Allah ya yi fushi da ni, ya yashe ni, wannan azaba ce. Na biyun an sha ganin damuwarsa tana ƙaruwa, jinyarsa tana tsawo. To, idan aka ce wa mai ciwon damuwa imaninsa ne ya yi rauni, an tura shi daga hanya ta farko zuwa ta biyu da hannu. Ciwon da kansa yana sa mutum ganin laifin kansa fiye da ƙima, sai ga dattijon da yake girmamawa ya tabbatar masa. Nauyin jiki wajen sallah da ka gani a ƙanenka alama ce ta ciwon, daidai da rashin cin abinci da rashin barci. Ciwon ne ya riga, sakacin ya biyo baya.

Addinin ma bai ce baƙin ciki rashin imani ba ne. Annabi Yaƙub, alaihis salam, idanunsa sun yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiran ta a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam. Hadisi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, wani kuma ya ce an ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Fiye da shekara dubu da suka wuce, malamin nan Abu Zaid al-Balkhi ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili kamar asara ko rasuwa, wanda ake bi da magana da nasiha, da wanda ke saukowa babu dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. Ilimin nan namu ne tun kafin Turawa su rubuta shi.

Cutarwa ta biyu jinkiri ce. Hanyar da iyalai suka saba bi sananniya ce: tofi da rubutu a gida, sai mai ruƙiyya, sai hayaƙi, wasu su bi ta wajen ƴan bori a ɓoye, wani lokaci a tsallaka Najeriya wajen wani malamin da aka ba da labari. Asibiti sai an sayar da akuya da gona, bayan wata shida ko shekara biyu. A ciwon taɓin hankali mai sa jin muryoyi da zargin mutane, tsawon lokacin da aka yi babu magani yana rage yadda mutum zai warware daga baya. Mafi muni, akwai cututtukan jiki da ke shigowa da kamannin aljanu. Mutumin da ya rikice farat ɗaya da zazzaɓi, ko wuyansa ya sanƙare, ko ya yi jijjiga, a fara tunanin zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai ko sanƙarau, musamman da yake muna cikin yankin da sanƙarau ke yawo lokacin zafi. Wannan sa'o'i ake ƙirgawa. Farfaɗiya ma ciwon ƙwaƙwalwa ce mai magani mai araha, ba a ɗaukar ta ta yawu, kuma yaran da ake cirewa daga makaranta saboda ita an zalunce su. Ɗaurewa da mari da duka da hana abinci kuwa ba su taɓa warkar da kowa ba, sai dai su bar gyambo a ƙafa da tsoro a zuciya.

Waswasi shi ma yana ɓuya cikin ibada. Mai sake alwala sau goma, mai maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u, mai shakkar ko ya saki matarsa a zuci, yawanci ciwo ne da ke da suna da magani. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa mai yawan shakka ya yi watsi da shakkarsa, kuma wannan daidai yake da abin da ake koya wa irin waɗannan majinyata a asibiti.

Sai rikicin aƙida a cikin gida ɗaya. Tun da Izala ta shigo daga Najeriya bayan kafa ta a Jos a 1978, gidaje da yawa a Maraɗi sun ga ɗa ya daina bin mahaifinsa sallah, ko an ƙaurace wa sadakar arba'in ta uwa. Ba hukunci nake yankewa tsakanin ɓangarori ba, wannan na malamai ne. Abin da ya shafi aikina shi ne duk lokacin da saɓani ya yanke zumunci, an cire wa mutum igiyar da ta fi riƙe shi. Haka Kiristocin garin nan, da waɗanda suka rage a kan al'adun gargajiya: nazari ya nuna amfanin addini ga natsuwa ya fi yawa ga wanda addininsa ya dace da na mafi yawan jama'ar wurin. Wanda yake tsiraru, musamman wanda ya ga an ƙona wurin ibadarsa kamar yadda ya faru a garin nan a Nuwamba 2000, yana ɗauke da fargabar da maƙwabcinsa bai san da ita ba.

Kishin ƙasa

Jin cewa kai ɗan wani wuri ne, kana da mutane, ana lissafi da kai, yana ƙara wa rai ƙarfi. Wani nazari na 2011 a ƙasashe 128 ya gano cewa gamsuwar mutum da ƙasarsa tana tafiya tare da gamsuwarsa da rayuwarsa, kuma alaƙar ta fi ƙarfi ga talakawa. Mun san wannan a aikace. Kokowar takobi da ake yi tun 1975 tana tara ƙasa gaba ɗaya a bakin rediyo da talabijin. Wasan taubasantaka tsakanin ƙabilu, irin na Fulani da Barebari ko na Gobirawa da Zabarmawa, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2014, hanya ce ta fitar da ɓacin rai ba tare da an zub da jini ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar kuma, taken "zancen ƙasa ne" ya ba matasa da yawa jin cewa suna da daraja da abin tsayawa a kai, kuma ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025 ya taɓa zukatan mutane a nan. Jin daraja ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tashi yana jin ana kiran ƙasarsa ta ƙarshe a duniya.

Amma kishin iri biyu ne, kuma masu bincike sun raba su. Akwai son ƙasa mai natsuwa, wanda ke sa mutum ya ga duk ɗan ƙasa nasa ne. Akwai kuma wanda ke tsaye a kan cewa kowa maƙiyinmu ne, ba a ba mu girman da ya dace da mu. Na biyun yana tafiya da saurin fushi, zargi da yarda da jita-jita. Mai kwana yana sauraron saƙonnin murya na WhatsApp kan makirci da yaƙin da za a kawo gobe, jikinsa yana zama cikin shirin gudu ko faɗa: zuciya na bugawa, barci na gudu. Kuma kishin da ke tsananta yakan nemi bare a cikin gida. A nan yankin, satar shanu da garkuwa da mutane a Madarunfa da Gidan Runji sun sa ana yi wa Fulani kallon zargi a jumlace, har da waɗanda su ma an kwashe musu dukiya. Ƴan gudun hijirar da suka shigo daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019, waɗanda aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, harshensu ɗaya da namu, addini ɗaya, amma takarda ta ce baƙi ne. Wariya tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo damuwa.

Maraɗi kuma tana da wani hali nata. Katsinawan da suka kafa garin daga Katsina suka fito, Gobirawan Tibiri danginsu na Sabon Birni. Boda ta ratsa tsakiyar dangi ne. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, abin da aka yanke ya wuce ciniki: an yanke ziyara, biki, jana'iza da hanyar neman magani. Ƙanenka yana iya son ƙasarsa da zuciya ɗaya, kuma siyasar ƙasashe ta karya masa jari. Idan duk wanda ya ce yana cikin wahala za a ce masa ba shi da kishi, sai ya yi shiru, kamar yadda yake shiru idan an ce ba shi da tawakkali. Shirun nan biyu su ke tura samari wajen tramol. Iyakar abin da likita ke bayarwa a yini miligiram 400 ne, ƙwayoyin bakin titi kuwa akwai masu 225 ko 250 a guda ɗaya, ana haɗiye uku ko huɗu da shayi, sai jijjiga ta biyo baya a ce aljanu ne.

Abin da za ku yi wa ƙanenka

Ba a yanke wa mutum ciwo daga wasiƙa, sai an gan shi an auna shi. Amma abin da ka lissafa ya yi kama da ciwon damuwa sosai. Ma'aunin shi ne baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai kusan kullum na aƙalla mako biyu, tare da lalacewar barci, cin abinci, ƙarfi ko tunani, har ya hana mutum harkarsa. Mu Hausawa ba mu cika cewa "ina baƙin ciki" ba. Za ka ji "kaina na zafi", "ƙirjina ya yi nauyi", "tunani ya yi mini yawa", "jikina duk ya mutu".

Ka zauna da shi ku biyu, ba a gaban iyali ba, kuma kada ka fara da wa'azi. Ka tambaye shi barcinsa, bashin da ke kansa, da ko yana shan wani abu. Sannan ka tambaye shi kai tsaye ko yana jin gara ya mutu, ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, an bincika an tabbatar. Yawanci sauƙi take kawowa. Idan ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari irin fiya-fiya, igiya da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, a kai shi asibiti a ranar.

Idan ba haka ba, ku je CSI, wato ƙaramin asibiti, mafi kusa cikin makon nan, ku faɗa wa majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, komai ba tare da kunya ba, ku nemi a tura ku wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a babban asibitin jiha idan abin ya fi ƙarfinsu. A duba jininsa, hawan jini da sukari. Ku gaya musu idan ya taɓa yin kwanaki ba ya barci amma yana cike da ƙarfi, yana surutu da ɓarnar kuɗi, domin wannan wani ciwo ne dabam kuma maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar da shi. Magungunan da aka fi samu su ne amitriptyline, da ake farawa da miligiram 25 da dare a riƙa ƙarawa a hankali, da fluoxetine, da ke tsayawa a miligiram 20 da safe ga yawancin mutane. Na farkon yana busar da baki, yana sa jiri da barci, kuma yana da haɗari idan aka sha da yawa, saboda haka wani babba a gida ya riƙe shi yana ba shi na kullum. Inda aka fi faɗuwa wuri biyu ne. Maganin ba ya nuna aikinsa sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, sai a yar da shi a kwana na biyar a ce bai karɓe shi ba. Idan kuma an ji sauƙi sai a daina, alhali ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan warkewa, sau da yawa tara zuwa goma sha biyu, sannan a janye a hankali. Kada a saya a tebur ko wajen mai yawo da magani a ka. Idan azumi ya zo, a koma wajen likita ya gyara lokutan sha tsakanin buɗa-baki da sahur.

Kada ku raba shi da malami, ku zaɓi malamin. Wanda zai yi masa addu'a, ya karanta masa Alƙur'ani, ya gaya masa cewa ciwo ba fushin Allah ba ne, ya kuma ce ya sha maganinsa, wannan abokin aikinmu ne. An gwada irin wannan haɗin gwiwa a Ibadan da Kumasi, aka buga sakamakon a 2020: masu ciwon taɓin hankali da masu maganin gargajiya da na addini suka kula da su tare da ma'aikatan asibiti sun fi samun sauƙi. Wanda zai ce a ajiye ƙwaya, ko a ɗaure shi, ko ya nuna wata tsohuwa a dangi ya ce ita ta yi masa, ku bar wurinsa.

Sauran aikin na gida ne, kuma a hankali ake yin sa. Kada a ce ya koma yadda yake gaba ɗaya. A fara da sallah ɗaya a jam'i, wani ya biyo masa su tafi tare, magariba ta fi sauƙi domin ciwon ya fi nauyi da safe. Abokansa biyu na fada su riƙa kawo shayin ƙofar gidanku maimakon jiran ya je. Ya riƙa taka ƙafa na minti 30 da yamma, ya ajiye waya bayan isha. Ku zauna da masu bin sa bashi, da wani dattijo a tsakani, a rubuta abin da ake bin sa a tsara biya, domin bashin da ba a san iyakarsa ba ya fi wanda aka ƙirga cin rai. A samar masa ɗan abin yi ko da tsaron shagon wani ne na rabin yini, tun kafin a yi maganar sabon jari. Matarsa ma a tambaye ta yadda take, ita ke kwana da ciwon. Bayan mako huɗu da fara magani ku koma asibiti ko da ya ji sauƙi, ku tafi da takardar maganin da sauran ƙwayoyin a hannu domin a ga abin da ya sha.